Mai laifi yana da suna

1/ Disamba 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa, yankin Sabon Birni. Abokina ya ce a hana kowane Bafulatani shiga kasuwar Isa. Wallahi har na gyaɗa kai.

2/ Sai na tuna Oktoban shekarar: 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo. Masu cin kasuwa aka binne.

3/ Mun ji zafi da aka yi wa Musulmi kuɗin goro bayan harin Amurka na 2001. To, me muke yi wa mai tallan nono?

4/ Musulunci bai kama wani da laifin wani. Mu kira ɗan bindiga da sunansa, mu bar ƙabilarsa.