NEPU: Yadda Talakawa Suka Ga Bayan Haraji da Jangali



Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa NEPU a Kano. Sanarwarsu ta Sawaba ta fito fili ta ce buƙatar talaka daban, ta masu riƙe da En'e daban. Teloli da 'yan koli da manoma ne suka riƙe tafiyar da ɗan kwabonsu. An ɗaure su, an yi musu bulala, Gambo Sawaba ta sha zaman kurkuku.

Sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Wannan nasara karo-karo da haɗin kai suka kawo ta. Mu ma a Legas, kuɗin haya da matsin kasuwa haɗin kanmu suke jira.