2.3 Tarihin Maganin Cututtukan Fata a Katsina

Tun kafin zuwan Turawa, Katsinawa kan nemi maganin ƙazwa da makero da ƙyasfi a kasuwa, wurin masu saiwoyi da man kaɗanya. A shekarar 1903 da Turawa suka shigo Katsina ne aka ba likita Niels Finsen, mutumin Denmak, lambar Nobel saboda warkar da ciwon fata da haske. Sai dai a ƙasar Katsina kuturta ce ta fi tayar da hankali, shi ya sa aka kafa Babbar Ruga, wadda mishan ta SIM ta karɓa a ƙarshen shekarun 1930. Har yau, mai ƙaiƙayin fata yakan fara zuwa Babbar Kasuwa kafin asibiti.