Hoda

Hoda gari ne mai laushi da ƙamshi da mata ke shafawa a fuska don ta tsotse maiƙo da gumi. Daɗaɗɗiyar hoda a gwangwani take zuwa, murfinta da ƴan huji: a zazzaga a tafin hannu, a murza, a shafe fuska har wuya. Ta tarar da kwalli da lalle a ƙasar Hausa, ta bi su cikin kayan lefe.

Kamfanonin Turawa ne suka yaɗa ta, irin su Paterson Zochonis, wanda ya buɗe reshe a Legas a 1899 kuma ya sayi kamfanin Cussons a 1975. A 1928 aka kafa kamfanin talla na West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas. Amma a kasuwanni irin na Zuru, inda masu karatun boko ba su da yawa a lokacin, hoton jikin kaya da bakin ɗan koli su ne tallar. Haka turaren Bint El Sudan, da aka fara yi a Ingila a 1920, ya yi suna: da hoton budurwar da ke jikin kwalbar ake gane shi.