Tsibirin Da Ɓatattun Tsuntsaye Ke Sauka

'Yan uwa marubuta, mu da muka taso muna jin cewa zuwan shamuwa albishirin damina ne, mun san tsuntsu na da lokacin tafiya da na dawowa. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne tsuntsu ma yana ɓatan hanya. Tarihin masu dakon irin waɗannan ɓatattun muka ɗauko wannan makon.

Fair Isle ɗan tsibiri ne a arewacin Sikotland, tsakanin Orkney da Shetland. Tsawonsa kusan kilomita 5 ne, mutanensa ba su kai ɗari ba. Idan iskar gabas ta kauce da tsuntsu mai ƙaura a tsakiyar teku, nan yake faɗowa a gajiye, wani ma tun daga Saiberiya.

A 1905 William Eagle Clarke na gidan tarihin Edinburgh ya fara zuwa tsibirin. A zamaninsa bindiga ce shaida: a harbe baƙon tsuntsu, a feɗe shi, a adana fatar. Wanda ya ce gani kawai ya yi, da wuya a gaskata shi. Mu dai ba mu ga wargi a nan ba: sai an kashe baƙo kafin a yarda ya zo.

George Waterston ne ya juya akalar. Jamusawa sun kama shi a Crete a 1941, kuma yana sansanin fursunonin yaƙi ya riƙa tsara tashar lura da tsuntsaye. An maido shi gida a 1943 saboda ciwon ƙoda, ya sayi tsibirin a 1947, aka buɗe tashar a 1948 cikin tsofaffin ɗakunan sojan ruwa. Tarko ya maye gurbin bindiga: a kama, a auna, a sa zobe mai lamba a ƙafa, a saki.

Abin da ya fi jan hankalinmu aikin kullum ne. Duk lokacin ƙaura ma'aikata na zagaya tsibirin da ƙafa, su ƙirga har tsuntsun da kowa ya gaji da gani, da dare su rubuta. Da irin wannan rubutun Kenneth Williamson, shugaban tashar na farko, ya gwada ranakun saukar baƙi da taswirar yanayi, ya nuna hannun iska a ɓatansu.

A watan Maris na 2019 gobara ta cinye ginin ƙurmus. Ƙidayar ta tsira, domin an riga an kwafe ta a kwamfuta.