Dalmar Harsashi: Yadda Ake Tattaro Ta Daga Filayen Harbi da Haɗarin Narka Ta a Gida

Dalma, wadda wasu ke kira darma, ƙarfe ne mai nauyi da taushi, launinsa toka-toka. Da ita ake cika cikin galibin harsasan ƙananan bindigogi, da ita kuma ake yin ƙwayoyin harsashin farauta. Harsashin da aka harba ba ya ɓacewa. Yakan nutse cikin ƙasa ko ya tarwatse a bisanta, dalmarsa kuma ta zauna a wurin shekaru masu yawa. Saboda haka a ƙasashe da dama akan tone filayen koyon harbi lokaci-lokaci, a tace dalmar, a mayar da ita masana'anta. Aikin yana da riba idan masu filin suka yi shi da kayan aiki da kariya. Idan kuwa ya faɗa hannun masu tsince-tsince da masu narkawa a tsakar gida, ƙananan yara ne ke fara kwasar gubarsa.

A bakin jama'a akan kira wasu fararen ƙarafa, kamar alminiyam ɗin da ake zuba tukwane da shi, da sunan dalma. Wadda ake nufi a nan ita ce mai nauyin nan da ke cikin batirin mota, wadda masana kimiyya ke yi wa alamar Pb.

Dalilin amfani da ita

Abubuwa uku suka sa dalma ta zama ƙarfen harsashi tun ƙarnoni da suka wuce. Na farko nauyi: ta fi ruwa nauyi fiye da sau 11, ta kuma fi baƙin ƙarfe, don haka ƙaramar ƙwaya takan yi nisa da ƙarfinta. Na biyu taushi, wanda ke sa ba ta cinye cikin bututun bindiga. Na uku sauƙin narkewa, domin tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin da wutar gawayi ke wucewa nesa. Wannan sauƙin shi ne ya sa ake iya sake sarrafa ta sau da yawa ba tare da ta lalace ba. Fiye da rabin dalmar da duniya ke amfani da ita a yau daga tsofaffin kaya ake samo ta, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na dalmar da ake sarrafawa batir ake yi da ita.

Filayen harbi a Jihar Kaduna

Jihar Kaduna tana cikin jihohin da suka fi yawan cibiyoyin horas da soja a Nijeriya. A Zariya akwai Depot, inda ake horas da kuratan soja tun 1924. A garin Kaduna akwai Kwalejin Horas da Hafsoshi ta NDA da aka kafa a 1964, da Kamfanin Ƙera Makamai na DICON da aka kafa a wannan shekarar. A Jaji akwai cibiyar sojojin ƙasa da Kwalejin Manyan Hafsoshi. A kudancin jihar kuma, Kachia ce mazaunin Makarantar Koyon Harba Igwa ta rundunar sojan ƙasa.

A filin harbin ƙananan bindigogi akan tara tudun ƙasa a bayan allunan da ake auna wa, domin ya tare harsasai. A cikin wannan tudun dalma ke taruwa. Filin igwa daban yake, domin can akwai harsasan igwa da bama-baman da suka faɗi ba su fashe ba, waɗanda kan iya tashi bayan shekaru idan an taɓa su, ko an buga, ko an ɗora su a wuta. Duk filayen nan mallakin hukuma ne, kuma shiga cikinsu don tsintar ƙarfe laifi ne, ganganci ne kuma da rai.

Abin da ke faruwa da ita a cikin ƙasa

Dalmar da ta daɗe a fili takan yi farin ɓawo a jikinta sakamakon haɗuwa da iska da ruwa. Ɓawon yakan marmashe ya zama ƙura, ya gauraya da ƙasa. Inda ƙasa ke da tsami, ruwan sama yakan narkar da shi da sauri, ya gangara da shi rafi ko fadama. A yanki mai yawan ruwan sama kamar kudancin Kaduna, inda gonakin masara da citta da wuraren kiwo ke kusa da daji, wannan gangarawar abin lura ce. Shanu da awaki kan haɗiyi ƙurar tare da ciyawa, kaji da tsuntsaye kuma kan tsinci ƙwayoyin dalma a zaton tsakuwa ce.

Yadda ake tattarowa bisa ƙa'ida

A 2001 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da littafin jagora kan kula da dalma a filayen harbi, kuma ƙasashe da dama na bin irin tsarinsa. Ana rufe filin, a tabbatar babu abin da zai fashe. Ana kwashe saman ƙasar tudun da inji, a bar ta ta sha iska, sannan a rairaye ta da rariya iri-iri. Da yake dalma ta fi yashi da tsakuwa nauyi, ana rabe ta da su ta hanyar busa iska ko wanki da ruwan da ba a barinsa ya kwarara waje. Abin da aka samu ana zuba shi cikin durom mai murfi a kai masana'antar da ke da izinin narkawa, mai na'urar tace hayaƙi. A can ake cire jan ƙarfen da ya lulluɓe harsashin da sauran datti, a zuba dalmar sanduna-sanduna, a sayar wa masu yin batir ko masu ƙera harsashi. Ƙasar da ta rage akan gauraya ta da farar ƙasa don rage tsaminta, a mayar da ita, a shuka ciyawa don hana zaizaya. Ma'aikatan kan sa takunkumi na musamman, su bar kayan aikinsu a wurin, a kuma riƙa auna jininsu.

Maharba da maƙera

Farauta tsohuwar sana'a ce a Kauru da Lere da Kajuru da sauran ƙasashen kudancin Kaduna. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara yana da alaƙa da ƙarewar girbi da buɗe lokacin farauta. Maharbin karkara da bindigar gargajiya yake aiki, wadda ake kira adaka ko harbi-ka-ruga, ana ɗura mata albarushi da ƙwayoyin ƙarfe ta baki. Dalmar da ke shiga hannun maharba da masuntan da ke nauyaya taru galibi daga tsohon batir take fitowa, ta hannun 'yan gwangwan, kuma akan narka ta ne a maƙera ko a bayan ɗaki.

A nan haɗarin yake. Dalmar da aka ɗora a wuta mai ƙarfi tana fitar da hayaƙin da ba ya da warin da zai gargaɗi mutum. Hayaƙin yakan sauka a matsayin ƙura a kan tabarma da kwanuka da ƙasar tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dattin da ake kwashewa daga saman narkakkiyar dalma, da tokar murhun, da baƙin garin da ke cikin batir, duk guba ne. Naman dajin da aka harba da dalma shi ma yakan riƙe ɓurɓushin da ido ba ya gani a kewayen raunin, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Illarta ga jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Jikin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa daga dalmar da aka haɗiya. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage basira da natsuwa, kuma wannan illar ba ta gyaruwa. Idan ta yi yawa sai a ga amai, ciwon ciki, kasala, jijjiga da suma, alamun da akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ga manya tana jawo hawan jini, ciwon ƙoda da raunin haihuwa. Jiki yana ajiye ta a ƙashi da haƙora shekaru aru-aru, kuma idan mace ta sami ciki sai ta komo cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai ko ta wuce maikirogiram 5 a kowace desilita.

Darasin Zamfara da Neja

Arewacin Nijeriya ya riga ya ga abin da ƙurar dalma ke yi idan ta shiga gida. A Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano mace-macen yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. An gano cewa dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani. Sai da aka kwashe saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013. A 2015 irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. A ƙasar Senegal kuwa, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008 a wata unguwa da ke gefen Dakar, inda mutane ke rairayar ƙasa a gidajensu don fitar da dalmar tsofaffin batir. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da abin da zai biyo bayan rairayar ƙasar filin harbi a tsakar gida.

Matsayin doka

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku: waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, da waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba wa lasisi, da bindigogin gargajiya waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ƙera bindiga ko harsashi sai a wuraren da hukuma ta amince. Kula da shara mai guba da masana'antun narka batir kuwa yana ƙarƙashin hukumar NESREA da aka kafa a 2007.

A waje, ana ta rage amfani da dalma a harsashin farauta. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ƙwayoyin dalma tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da su a fadamu da kewayensu daga Fabrairun 2023. Baƙin ƙarfe da jan ƙarfe ne ke maye gurbinta.

Matakan kariya

Wanda ya ga harsashi ko wani ƙarfen soja a gona ko a daji, kada ya taɓa shi, ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro. Kada a fasa batir ko a narka dalma a inda ake kwana, ko girki, ko inda yara ke wasa, kuma tukunyar da dalma ta taɓa ta fita daga kayan abinci har abada. Mai aikin da ya shafi dalma ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Maharbi ya yanke naman da ke kewaye da raunin harbi ya binne shi, kada a ba yara ko mai ciki. Idan yaro yana yawan jijjiga ko kasala a gidan da ake irin wannan sana'a, a faɗa wa likita sana'ar gidan, domin gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da gubar dalma, kuma magani ba ya amfani matuƙar yaron zai koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi.