Keke mai kafaffiyar giya

Keke mai kafaffiyar giya nau'in keke ne mai giya ɗaya tak, wanda ake ɗaure ƙaramin faifansa mai haƙora kai tsaye a jikin cibiyar ƙafar baya, ta yadda feda ba ta daina juyawa muddin ƙafar tana birgima. Abin da ya bambanta shi da sauran kekuna masu giya ɗaya shi ne rashin firiwil, wato na'urar da ke barin mahayi ya hutar da ƙafafunsa keke na tafiya. Irin wannan haɗi ne a kekunan farko masu sarƙa, kamar Rover da John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885, kuma har yau shi ake hawa, ba tare da birki ba, a tseren keirin da aka fara a Japan a 1948.

Nauyin tuƙi ya danganta da yawan haƙora: idan faifan gaba yana da 48, na baya 16, ƙafar baya za ta juya sau 3 a kowane zagayen feda. Ana kulle faifan baya da zobe mai bahagon zare don kada ya kwance idan mahayi ya danne feda zai tsaya, sannan mazaunin ƙafar baya a firam kwance yake, domin a ja ta baya sarƙa ta yi tsauri. Girman firam kuwa ana auna shi da santimita, bisa tsawon bututun da ke riƙe sirdi.