Yadda Ake Haɗa Mutum-mutumin Anime Masu Rikiɗa: Bayani Ga Mai Son Farawa

Yau ba labarin sabon fim ko sabuwar waƙa na zo da shi ba. Tun da na nuna hoton ɗan jirgin yaƙin nan da ke miƙewa ya koma mutum-mutumi, ake ta tambayata ina na sayo shi. Gaskiya ba a haɗe na saye shi ba. A kwali ya zo, gutsi-gutsi, ni na zauna na harhaɗa. Shi ya sa na ce bari in tattara abin da na sani wuri guda, kada wani ya yi asarar da na yi da farko.

Mene ne abin?

Kaya ne na roba da ake yi a Japan, ana kwaikwayon mutum-mutumin da ke fitowa a finafinan anime. In ka buɗe kwalin za ka tarar da firam-firam na roba, ƙananan sassa na maƙale a jiki, sai takardar umarni mai hotuna da kuma sitika. Kowane firam yana da harafi, kowane sashe yana da lamba. In takarda ta ce A12, sai ka duba firam A ka yanko na 12. Ko ba ka jin Japananci hotunan sun isa, kuma na 'yan shekarun nan suna zuwa da Turanci.

Waɗanda suka fi suna su ne Gunpla na kamfanin Bandai. Shirin Mobile Suit Gundam na Yoshiyuki Tomino ya fara a 1979, a 1980 aka fitar da kwalin farko, kuɗinsa yen 300. Har yau a garin Shizuoka babbar masana'antarsu take.

Masu rikiɗa da ya kamata ka sani

Na farko shi ne VF-1 Valkyrie na shirin Macross, 1982, wanda Shoji Kawamori ya zana. Siffa uku gare shi. Akwai Fighter, wato jirgin yaƙi sak, mai kama da F-14 na Amurka. Akwai GERWALK, jirgi ne amma ya sauko da ƙafafu da hannaye. Sai Battroid, cikakken mutum-mutumi. Masu son waƙa, wannan naku ne, domin a Macross waƙa ma makami ce. Mawaƙiyar labarin, Lynn Minmay, da muryarta ake rikita abokan gaba, kuma Mari Iijima ce ta yi muryar ta rera waƙoƙin. A Macross Frontier na 2008 Yoko Kanno ce ta yi kiɗan, jirgin jarumin kuma shi ne VF-25. Duk wanda ya saba da fim ɗin soyayya mai waƙa irin namu ba zai ji baƙunta ba, don har rigimar saurayi ɗaya 'yan mata biyu tana ciki.

Na biyu shi ne Zeta Gundam, 1985, wanda ke naɗewa ya koma jirgi mai suna Wave Rider. Na uku Wing Gundam, 1995, mai komawa siffar tsuntsu. Shi kuwa Unicorn Gundam ba jirgi yake zama ba, jikinsa ne ke buɗewa, ƙahonsa ya rabu biyu, launin ciki ya bayyana. A 2017 aka kafa ƙatonsa mai tsayin kusan mita 20 a unguwar Odaiba a Tokyo.

Girma da aji

Lambar da ke jikin kwali, kamar 1/144, tana nufin an rage girman na cikin fim sau 144. Gundam mai mita 18 zai fito kusan santimita 13 ke nan. A 1/100 kusan santimita 18, a 1/60 kusan 30. Jiragen Macross galibi 1/72 ne, VF-1 yana kai kusan santimita 20.

Ajin Bandai kuwa ga su. HG ya fara a 1990, yawanci 1/144, shi ne mai sauƙi da araha. MG ya zo a 1995, 1/100 ne, yana da ƙashi a ciki da ake ɗora sulke a kai. PG na 1998, 1/60, na masu kuɗi da haƙuri. RG na 2010, ƙarami ne kamar HG amma sassansa sun fi yawa da ƙanƙanta.

Rikiɗa iri biyu ce

Nan ne mutane ke cin karo. Akwai mai cikakkiyar rikiɗa, wanda za ka lanƙwasa nan, ka tura can, ya zama jirgi ba tare da ka cire komai ba. Zeta na MG da na RG haka suke. Akwai kuma na musanya, wanda sai ka cire wasu sassa ka sa wasu a madadinsu, kamar Zeta na HG. Na farkon ya fi burgewa amma gaɓoɓinsa sirara ne, sai da lallami. Na biyun ya fi ƙwari, ya fi tsayuwa da kyau.

Sannan ka kula, ba duk kwalin da ke da hoton mai rikiɗa ne ke rikiɗa ba. VF-1 na kamfanin Hasegawa siffa ɗaya yake tsayawa, kowace siffa da kwalinta daban, kuma yana buƙatar gam da fenti. Na Bandai na zamani kuwa sassan da launinsu suke zuwa, dannawa kawai ake yi su kama.

Kayan aiki

Ƙaramar filaya mai yanka, wadda gefenta ɗaya yake a shafe. Ƙaramar wuƙa mai kaifi ko reza. Samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 1000. Hantsaki na ɗaukar sitika. Sai faranti ko murfin kwali da za ka riƙa tara sassa. In babu filaya, abin yanke farce yana ɗan rage zafi, amma yana barin tabo.

Yadda nake yi

Kafin komai ina duba firam-firam ɗin in tabbatar sun cika kamar yadda takarda ta lissafa. Ba na yanke sassa duka lokaci guda, don da zarar sun rabu da firam lambarsu ta ɓace. Abin da mataki ya nema kawai nake cirewa.

Yanka sau biyu ake yi. Ka fara yankewa ɗan nesa da jikin sashen, bayan ya fita sai ka rage ɗan tsinin da ya saura. In ka datse a jiki kai tsaye, wurin zai yi fari saboda robar ta matsu, kuma a shuɗi ko ja abin yana fitowa ɓaro-ɓaro. Kada ka murɗe da hannu.

A wurin gaɓoɓin rikiɗa, ka duba hoton sau biyu kafin ka danna. Sashe ɗaya in ya juya baya, mutum-mutumin zai tsaya lafiya lau, sai ranar da ka zo mayar da shi jirgi ya ƙi naɗewa. Ina haɗa gaɓa sai in motsa ta a hankali in ji yadda take tafiya kafin in rufe ta da sulke.

Sitika kuwa, waɗanda ke wurin da sassa ke gogar juna ba sa daɗewa. Haka ma fenti, yana ƙara kauri, rikiɗa biyu uku sai ya kankare. In fenti za ka yi, gara ka zaɓi siffa ɗaya ka bar shi a haka.

Abin da ya fi haɗari shi ne baƙin ruwan da ake ɗigawa cikin layukan jiki don su fito. Mai ɗauke da tina yana cin roba, musamman irin da ake kira ABS, wadda ake yin gaɓoɓi da ita a yawancin masu rikiɗa. Takarda tana rubuta irin robar kowane firam, PS ko ABS ko PE. In ka ga ABS, nisanta shi da tina, siririn alƙalami ya wadatar.

Asarar da na yi

Wata biyu na yi ina jiran kwalina na farko ya iso. Don zumuɗi na zaɓi mai cikakkiyar rikiɗa, na gama a dare biyu. Washegari abokaina suka zo, na ce bari in nuna musu. Kafaɗa ta ƙi tafiya, maimakon in koma ga takarda sai na sa ƙarfi. Na ji ƙas. Ashe akwai ɗan makulli da ake fara ja baya. Na sa sufa gulu, ya gangara cikin gaɓar ya daskarar da ita gaba ɗaya. A nan kuwa babu shagon da za ka je ka ce a ba ka kafaɗa ɗaya. Yana nan kan kanta, hannu ɗaya a sandare. Tun ranar na riƙe doka guda: in abu ya ƙi motsi, akwai matakin da na tsallake.

Adana shi a yanayinmu

Rana tana mayar da farar roba rawaya, zafi kuma yana sassauta gaɓoɓi, don haka kada ka ajiye shi bakin taga ko cikin mota. Ƙurar hunturu tana shiga kowane lungu, sai a sa shi cikin kabad mai gilashi ko a kifa masa roba mai haske, a riƙa share shi da burushi mai laushi. In za ka fesa masa man kariya, kada ka yi ranar da ake ruwa, laima tana sa ya yi hazo-hazo. Ka kuma nisanta shi da ƙanne, ƙananan sassan nan yaro zai iya haɗiyewa.

Ga mai farawa

Ka fara da HG mara rikiɗa ko na musanya, hannunka ya saba. Na biyu ko na uku sai ka gwada MG mai cikakkiyar rikiɗa. RG Zeta ka bar shi sai ka ƙware. Wajen saye a intanet ka duba tambarin kamfani a kwali, don akwai na jabu, kuma a mai rikiɗa ɗan kuskuren awo kaɗan ya isa ya hana sassa haɗuwa. Ka lissafa kuɗin kawowa tun farko, wani lokacin yana kusan kamo kuɗin kayan.